Inabin Fako

Bana ma sai da na kusa fidda rai kafin man shanu ya daskare. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in tsaya gun 'yar ƙwaryar nan da ke bisa katanga, in tsoma yatsa, in ji shi ruwa-ruwa kamar kokon majinyaci. Jikokina sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mini kai. Wata daga cikinsu, mai bakin tsiya, ta ce, "Tsoho, in daskararre kake so ai ga firij ɗin maƙwabta." Na ce mata, "Amarya, firij bai san tambayar da nake yi ba." Ba man nake so ba. Ɗari nake tambaya ko ya iso, kuma a iya sanina babu mai faɗa mini gaskiyar wannan magana sai man shanu.

Ku da kuka taso yanzu sanyi kuka sani, ba ku san ɗari ba. Ɗarin da muka sani shi ne wanda ruwan randa ke cizon haƙori, wanda za ka tsuguna gaban buta kuna kallon juna kai da ita, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. A lokacin an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, gonaki sun zama fili sai tarin kara nan da can. Da sassafe ba ka jin komai a garinmu sai tarin tsofaffi, da ƙarar kara yana fashewa cikin wuta, da lugude daga gidan da matansu suka fi na kowa zuciya. Dattawa sun kewaye wuta a ƙofar gida, gabansu yana gasuwa bayansu yana daskarewa, sai su riƙa juyawa kamar ana tuyar waina. Mu yara ƙafafunmu duk kaushi, ana kamo mu ana shafa mana man gyaɗa muna ihu. In muka zagi ɗari kakata sai ta ce mu rufe baki, shi ke kashe ƙwarin rumbu, shi ke sa albasa ta yi kai. Yanzu kuwa yakan leƙo ne kamar baƙon da ke da mota a tasha, kafin ka lalubo bargo ya tafi.

Tare da ɗarin nan ne ayarin Buzaye ke saukowa daga Azbin. Kafin ka gan su za ka ji su, gurnanin raƙuma yana tasowa daga arewa, ta wajen iyaka. Su kawo kantun gishiri da dabino, su koma da gero. Mahaifina yana da aboki a cikinsu, wani dogon mutum da muke kira Baba Buzu, wanda har muka rabu ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani. A gonarmu yake sauke raƙumansa. Su ci kara su bar mana taki, Baba ya auna masa gero, shi ya sauke mana gishiri, ba mai rubuta komai, ba mai cewa an ƙware shi.

Ni kuwa a lokacin na isa aure a tsawo, ban isa ba a hankali. Allo na riƙe shi har ya yi baƙi da dauɗar hannuna, ƙananan yara suna tarar da ni suna wucewa. Boko sai da na yi gemu na leƙa ajin yaƙi da jahilci, ɗan abin da na samo shi nake tatsa har yau. A gandu kuwa ni ne na farkon jin ƙishirwa, ni ne na ƙarshen dawowa daga shan ruwa. Da Baba ya tashi yanka wa 'ya'yansa gayauna, wato 'yar gonar da saurayi ke noma wa kansa, yayyena suka sami jigawa mai laushi da gefen fadama. Ni ya ja ni bayan gari, gun tsohuwar rijiya, ya nuna mini wani fako, tsakuwa zalla, wanda ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito a kansa. Ya ce, "Ga taka. Ko ka noma ko ba ka noma ba abin da za ka samu ɗaya ne. Ka ga ba ka cuci ƙasa ba."

A ɗarin shekarar ne Baba Buzu ya kwance wata jiƙaƙƙiyar fata a zaurenmu, sai ga 'yan sanduna ɗauri uku, busassu, ba ganye ba saiwa.

Baba ya ce, "Wannan kuma fa, aboki? Asuwaki ka kawo mana?"

Ya ce, "Inabi ne, na kan dutsenmu, inda ruwa ke daskarewa cikin salka. Wannan fari ne, dogo, ruwa gare shi. Wannan ja ne, shi mata suka fi so. Wannan kuwa baƙi ne, ƙanana, fatarsa kauri. Ba shi da kyan gani, amma shi ke jure wahala."

Baba ya waiwayo ya dube ni ya ce, "To a ba wannan, sun yi kama."

Aka yi dariya, har da ni, don ban ga abin musu ba. Baba Buzu ya nuna mana yadda ake gane sama da ƙasa. Kowace gaɓa tana da ido, kamar na rake, kuma idon sama yake kallo. Gindin sanda a yanke shi a miƙe, kan kuma a karkace, don kada mai shuka ya ruɗe. Ya ce, "In ka kafa shi a kife ba zai ce maka komai ba, mutuwa kawai zai yi. Sannan abu ɗaya, aboki. Itacen nan ba ya son gata. In ka ji tausayinsa ka kashe shi."

Baba manomi ne na gaske, wanda zai damƙi ƙasa ya shinshina ya gaya maka abin da aka shuka a wurin bara waccan. Bayan baƙo ya fita sai ya ce, "Ka ji mutumin da ƙasarsu dutse ce zai koya mini shuka." Ya ɗauki farin ya kai fadama, baƙar laka mai maiƙo, ya jibga masa takin shanu. Inabin kuwa ya tashi kamar an kore shi, ya haye bishiyar mangwaro, ganye faffaɗa kamar faifai, mutane suna zuwa kallo. Ko ƙwaya bai yi ba. Damina ta biyu ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwa ta ruɓe, ya bushe a tsaye. Jan kuwa kawuna aka ba, ya kafa a jigawa, gara ta yi walima da shi kafin ya san inda yake. Nawa, tunda ba ni da wata ƙasa sai fako, a nan na haƙa da dagi, ƙarfe yana tartsatsin wuta. Duk ɗaurin sanda ɗaya ce ta kama.

Ban san yadda aka yi ba, sai na wayi gari ina son abin nan. Wataƙila don shi ne abu na farko da na taɓa da hannuna bai lalace ba. Ni da ake tasa da ƙyar zuwa gona, sai ga ni da guga tun da duku-duku. Na yi masa 'yar rumfa da itacen geza, ya hau, ya rufe ta, nakan kwanta a ƙasansa ina kallon ganye kamar na mallaki lambun sarki. 'Yan matan da ke zuwa ɗibar ruwa suka sa mini suna mai noman sanda. Wadda ta fi su baki, wata siririya mai wushirya, ba ta taɓa wucewa ba ta ce, "Sannu da aiki, mai noman sanda. A ajiye mini zakka."

Ɗari na uku Baba Buzu ya zo ya tsaya gaban rumfar ya daɗe yana kallo. Ni kuma na tsaya ina jiran yabo.

Ya ce, "Ya haihu?"

Na ce, "Bai haihu ba, amma dubi ganye, Baba Buzu."

Ya ce, "Kai akuya ce?"

Ya hana ni ba shi ruwa. Na riƙa wucewa da guga ina kau da kai kamar mai wuce gidan surukai, ganye yana yin rawaya yana zuba. Sannan ya karɓi ɗan man shanu a ƙwarya wurin innata, ya ɗora bisa bakin rijiya, ya ce mu jira. Safiyar da man ya daskare har yatsa ba ya shiga, na iso fakon na tarar da shi da wuƙa, ya riga ya raba rabin rumfata da rassanta. Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Baƙon ubana, mutumin da ya girmi ubana, na riƙe shi kamar ɓarawon akuya.

Na ce, "Baba Buzu, me na yi maka?"

Bai fizge ba. Ya bari sai da na saki da kaina don kunya, sannan ya ce, "A wajenmu ɗari ne ke yi masa wannan. Ya kwashe ganyen, ya sa shi barci kamar matacce. Naku ɗarin bai kai ba, sai ka taimaka masa da ƙishirwa da wuƙa. In bai ji kamar zai mutu ba, ba zai tuna da haihuwa ba." Sai ya juya wuƙar ya miƙo mini ƙotar. Ya ce, "Sauran kai za ka yanke. Ka bar ido biyu, ka wuce."

Na yanke. Duk inda wuƙa ta bi sai ruwa ya riƙa ɗigowa daga itacen, ni ma nawa yana ɗigowa, ga hanci ga ido. Kafin hantsi rumfar ta koma ƙashi. Mai wushirya ta zo da tulunta, ta dubi tarin sanduna, ta dube ni, ta ce, "A'a, yau girbi ake? Allah ya sa albarka, bana sanda ta yi kyau."

Bayan 'yan kwanaki ya ce in koma ba shi ruwa. Idanun nan suka kumbura, suka fashe, sai ga toho, kuma a jikin kowane toho ga wani ɗan curi kamar kan gero a ciki. Ayari ya juya arewa kafin inabin ya nuna. Lokacin da zafi ya fara shigowa rumfar ta cika da curi-curi baƙi wuluk suna reto. Baba ya zo da kansa, ba wanda ya kira shi. Ya tsinki ɗaya ya tauna, ya tofa ƙwallayen a tafin hannu ya duba. Sannan ya tsuguna ya damƙi tsakuwar nan ya daɗe yana murzawa. Abin da ya ce kawai, "Ashe ita ma ƙasa ce." Ya tafi. A rayuwata bai taɓa yaba mini da ya wuce wannan ba, kuma ya ishe ni. Mai wushirya kuwa da na kai mata zakkarta ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Da tsami." Sai ta sake miƙo hannu. Har yau haka take da ni, don ita ce uwar 'ya'yana.

Baba Buzu bai taɓa ganin nunannen ba, sai busasshen da nakan ajiye masa. Daga baya aka yi shekarun fari, raƙuma suka ƙare, gishiri ya koma zuwa a babbar mota. Wata shekara ɗari ya zo shi bai zo ba, kuma ba mu sami wanda za mu yi wa ta'aziyya ba. Wuƙarsa ce ta rage a hannuna.

A kan fakon na gina gida, tunda shi ne nawa. Gari ya yi ta tafiya har ya zo ya same ni ya wuce. Inabin ya yi gindi kamar cinyar ƙato, rumfarsa ta zama majalisar ƙofar gidana. A ƙasansa aka raɗa sunan ɗan farina, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Mu haka muka taso, akwai kunya tsakanin mutum da ɗan fari. Ba ka wasa da shi, ba ka zama hira da shi, in za ka aike shi sai ka yi magana da iska ya ji. Ranar yankan inabi yakan tsuguna can nesa yana kallo, in na gama ya kwashe sandunan ya kai wa uwarsa. Ban taɓa ce masa ga yadda ake yi ba. Ya tafi karatu Daura, ya wuce Kano, ya dawo da ilmin da ni ko a mafarki ban taka ba. Mutane suka riƙa ce masa Ustazu, ni ma na sami abin kiransa.

Cikin 'yan majalisata akwai Kofur, tsohon soja, wanda aka taɓa kai su aikin raba faɗa wata ƙasa mai duwatsu da ƙanƙara. Shi ne ya fara gaya mana cewa a can da inabi ake yin giya. Yakan ɗaga kai ya dubi rumfata ya ce, "Kai wannan wasa kake. Can dutse guda za ka gani an yanka shi hawa-hawa kamar matakala, duk inabi ne. Ƙasar fara fat, duwatsu zalla, ta fi taka tsiya. Gefen da ranar safe ke bugawa irinsa daban, gefen inuwa irinsa daban. Akwai wani mai siririyar fata, shagwaɓaɓɓe, in zafi ya ɗan yi yawa ya ɓaci, in sanyi ya wuce ƙima sai ka ga gida guda sun fito suna hura wuta tsakanin kunyoyi don kada toho ya mutu. Kowane gida da ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa cike da ganguna. Na ga wani tsoho, in ya kurɓa sai ya gaya maka daga wane gefen dutse aka tsinko."

Sai mu ce, "Kai kuma da ka kurɓa me ka gane, Kofur?"

Ya dafe ƙirji ya ce, "Wallahi ƙanshi kawai na ji!"

Mu kwashe da dariya. Shekara da shekaru ana wannan tambaya ana wannan rantsuwa. Ni dai ba gangunan ne ke tsaya mini a rai ba, tsohon nan ne. Nakan ce da za a haɗa mu, ba sai an nemo tafinta ba. Zan nuna masa tsakuwata ya nuna mini tasa, in nuna masa wuƙa ya nuna mini tasa, mu yi shiru.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Kada wani ya ɗauka ina cikin masu baƙin ciki. Na hau bayan akori-kura na je taro, na yi kabbara har muryata ta dushe. Ina da ɗan'uwan da burkutu ta cinye masa gona da mata da hanta, na san abin da aka rufe da aka rufe gidajen giyar nan na bakin iyaka. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Magana ta canja nauyi. Hirar da muka shekara muna yi muna dariya, rana ɗaya sai ta zama shaida. Kofur ya daina ba da labari, in aka tsokane shi sai ya ce ya manta. Amma yaran da suka taso suna jin labarin daga bayan tabarma ba su manta ba, kuma yanzu sun yi gemu. Na fara jin ana cewa itacen giya. 'Yan majalisa suka riƙa raguwa ɗaya-ɗaya, wannan ƙafa ke ciwo, wancan jika ba lafiya.

A daidai lokacin aka gama sabon masallacin unguwarmu, aka ce Ustazu ne zai ja salla. Sai wasu suka ce ba za su bi wanda itacen giya ke ƙofar gidan ubansa ba. Tsohon limamin gari ya ce musu 'ya'yan itace ne halal, har a Aljanna an yi alkawarinsa. Suka ce sun ji. Washegari sahu ya ƙara raguwa.

Azumi ya faɗo cikin ɗari a shekarun nan. Wata la'asar ina zaune ƙarƙashin rumfa, na riga na hana inabin ruwa ganye ya fara zuba, sai ga Ustazu. Ya tsuguna nesa, inda ya saba tsugunawa tun yana yaro, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Uwarsa ta ji muryarsa ta zo ta tsaya daga cikin zaure. Ya daɗe yana zane da tsinke kafin ya ce, "Baba, maganar itacen nan ce."

Uwarsa ta ce, "To dawar da ke rumbu fa? Da me ake burkutu? Ita ma sai mu ƙone ta?"

Ya ce, "Inna, na sani. Wallahi na sani. Ba hukunci ba ne, bakin mutane ne. Na yi bayani har na gaji. Masallaci zai rabu biyu a kaina."

Ni kuwa wata dabara ta riga ta faɗo mini, har na fara murmushi cikin gemu. Na ce wa iska, "Ai abu ne mai sauƙi. A gaya musu su zo gobe, a gabansu zan sare shi, ko ganye ɗaya ba zan bari ba."

Ya ɗago kai, karo na farko a rayuwarsa ya dube ni cikin ido. Ya ce, "Baba, na san wannan yankan. Tun ina goye nake ganinsa. Su za su yarda, amma ni zan tsaya gabansu in yi kabbara alhali na san abin da na sani."

Kunya ta kama ni, irin wadda ta kama ni ranar da na riƙe hannun Baba Buzu. Bai ce in tumɓuke ba. Ya ce in ba zai yiwu ba, shi zai bar musu limancin, ya koma Kano ya nemi koyarwa. Ya yi sallama ya tashi. Na bi bayansa da kallo, na ga ashe har ya fara furfura a ƙeya, ni ban sani ba, don ban taɓa kallonsa da kyau ba.

Uwarsa ta ce, "Malam, ka ci inabinka shekara da shekaru. Shi kuwa yaron nan me ya taɓa roƙonka?"

Na duba, ban sami ko ɗaya ba.

Safiyar da man shanu ya daskare na aika aka kira masu ƙin bin sahun. Na fara da wuƙa, na sauke rassan. Sannan na ɗauki gatari na sare gindin, na sa dagi na bi saiwar. Ashe ta yi nisa cikin tsakuwar nan fiye da tsawona, tana bin tsagar dutse tana neman ruwan rijiya. Da azumi a bakina na haƙa, ban yarda wani ya karɓe ni ba. Kofur ya zo ya tsaya daga nesa da sandarsa, ya cire hula, kamar ana wucewa da gawa. Cikin samarin da suka zo da zafinsu har wani ya ce, "Baba, da ka bari mun yi." Na ce masa ni na kafa.

Da na gama sai na zauna ina sassare rassan gunduwa-gunduwa don kada su tare hanya. Na ji ɗayansu yana cewa awaki sun dame su a wurin alwala, suna ture butoci. Na ce, "To ga sanduna, ku kafa ɗan shinge." In aka tambaye ni ko da wata niyya na faɗa, Allah ne shaida, ni kaina ban sani ba. Na dai lura daga baya cewa kowace sanda gindinta a miƙe na yanke, kanta a karkace. Hannu ne ya saba. Ustazu ya sunkuya ya kwashe su, kamar yadda yake kwashewa tun yana yaro, ya tafi.

Ƙofar gidana ta zama fili, rana tana dukan bango. Na daina zama waje. Sahu ya cika a masallaci, ni ma ina ciki, a bayan ɗana, ina jin ƙira'arsa ina cewa ashe haka muryarsa take.

Bayan ƙaramar salla, wata azahar na tsuguna zan yi alwala. Wurin cike yake da ɓaraguzan gini da tsakuwar da magina suka bari, ruwa yana bi ta ciki yana tsanewa. Ina wanke hannu idona ya faɗa kan shingen. A jikin sandar da ke gabana ga ido ya kumbura ya fashe, ɗan toho ja-ja kamar kunnen ɓera. Na dubi ta kusa da ita. Na tashi da buta a hannu na bi shingen tun daga wannan kai har wancan. Wasu sun kama, wasu ba su kama ba, wannan na Allah ne. Amma wanda ke kafa shinge don awaki ba ruwansa da sama ko ƙasa, yadda sanda ta zo hannunsa haka zai soka. Waɗannan kuwa babu ko ɗaya da aka kafa a kife.

Na waiwaya sai ga Ustazu tsaye a ƙofar masallaci yana gyara hula, yana kallon wani wuri can daban. Ya ce wa iska, "A hanzarta, za a ta da salla."

Kafin inabin ya yi 'ya'ya zafin mutane ya sauka, kamar yadda kowane zafi ke sauka. Kuma wa zai buɗe baki ya kira abin da ya tsiro da ruwan alwala da wancan suna? Yau rumfa ce a wurin. Cikin waɗanda suka ƙi sahu akwai wanda in inabin ya nuna sai an riƙa yi masa gyaran murya saboda yawan tsinka. Yaran da ke tsinka ba su san Azbin ba, ba su san raƙumi ya taɓa kwana inda shagon cajin waya yake ba. Na lura duk ƙarshen kaka akan karkatar da kwatar alwala ta bi wani gefe, ganye ya yi rawaya ya zuba, ba wanda ya san mai karkatarwa.

Har yau ba mu taɓa yin maganar ba, ni da Ustazu. Ƙwaryar nan ta bisa katanga kuwa ba ni ke ajiye ta ba. Katangar ce ta raba gidana da nasa, kuma duk shekara sai in tashi in gan ta. Shi yana da ilmi, amma yatsansa bai san daskarewar gaske da ta ƙarya ba, tunda bai ga ɗarin da ba.

Shekaranjiya na tsoma yatsa ya ƙi shiga. Na koma ɗaki na ɗauko wuƙar Baba Buzu, na wasa ta a bakin rijiya, na ajiye kusa da ƙwaryar. Da na dawo daga azahar babu wuƙar.